Kafin Gana: Ƙauye a Bakin Tafki a Ƙasar Birnin Kudu



An saba a irin wannan zaure a yi ta maganar manyan birane, Kano da Katsina da Zazzau, domin su ne masu kundin sarauta da marubuta. Laccar yau za ta kauce wa wannan turba, ta duba wani ɗan ƙaramin gari, Kafin Gana, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, a gefen tafkin da madatsar ruwa ta tara. Abin da ake so a nuna shi ne, garin ya girmi tafkinsa nesa ba kusa ba. Neman tsira ya fara tara mutane, daga baya ruwa ya zo ya sake wa zaman dalili, amma har yau lissafin hukuma bai biyo sawun wannan canji ba.

Ƙauye ba shi da littafin tarihi, saboda haka sai a fara da sunansa. A Hausa, kafi shi ne garin da aka kewaye da itatuwan da aka kakkafa a ƙasa, a wani wurin a haɗa da ƙaya da gwalalo. Ganuwa aikin birni ce, tana bukatar sarki mai iko da dubban hannuwa. Kafi kuwa ganuwar talaka ce, wadda 'yan gidaje kaɗan za su iya tayarwa cikin rani ɗaya. Duk inda aka ji Kafin Hausa, ko Kafin Madaki, ko Kafin Maiyaƙi, to, an taɓa kwana cikin tsoro a wurin.

A kudu maso gabashin ƙasar Kano, inda Birnin Kudu da Gwaram suke, tsoron ƙarni na 19 daga duwatsun Ningi yake fitowa. Wajen 1846 ne Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa saboda rikicin haraji, suka shige cikin Butawa da Warjawa, suka kafa ikon da ya gagari Kano da Bauchi shekara da shekaru. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, mayaƙan Ɗan Maje da na Haruna Ƙarami sun yi ta kawo hari, suna kwasar mutane da dabbobi. Birnin Kudu da Gwaram garuruwan bakin daga ne a wancan lokaci. Manomi ba ya yin nisa da ƙofa, kuma ba ya bari magariba ta riske shi a gona. Sai bayan Turawa sun ci Kano a 1903 mutane suka fara fita suna kafa unguwanni a tsakiyar gonakinsu.

Zaman ɗan Adam a wannan ƙasa ya riga duk wannan. A Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, kusa da garin Birnin Kudu, akwai zane-zanen shanu a jikin dutse, waɗanda Bernard Fagg na Hukumar Kayan Tarihi ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, tare da duwatsun da ake kaɗawa su yi amo kamar ƙararrawa. Shanun da aka zana ba su da tozo, wato sun sha bamban da waɗanda Fulani suke kiwo a yau. Ashe ke nan makiyaya sun daɗe suna bin ruwa da ciyawar wannan yanki tun kafin a san da sarautar Sarkin Kudu.

Duwatsun nan su ne mabuɗin labarin ƙasar. Sunan Jigawa daga jigayin rairayi na arewa da gabashin jihar ya samo asali, amma kudancinta a kan tsohon dutse yake zaune. Damina ta fi ƙarfi a nan fiye da Gumel ko Haɗeja, sai dai ruwan ba ya zama. Cikin wata huɗu ko biyar yake zuba, ya gangara rafuka, ya wuce. Kogin Bunga, wanda ya ratsa ƙasar Gwaram, daga tsaunukan Jos da Bauchi yake tasowa, ya zama Kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja a wajen Gashuwa, su nufi Tafkin Chadi. Da rani ya tsananta sai ƙananan rafuka su zama yashi, mata su riƙa tona su da ƙoƙo. Mai haƙa rijiya kuma sau da yawa kafin ya tarar da ruwa ya tarar da fā. Wurin da ruwa yake gudu a sama, ya yi ƙaranci a ƙasa, ba shi da wata dabara da ta wuce a tare shi.

Wannan ita ce hikimar Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin Jigawa tana cikinta. An gama Bagauda a 1970, Tiga a 1974, ƙananan madatsu kuma suka yi ta biyo baya. Tafkin Kafin Gana, kamar na Warwade kusa da Dutse, ɗan wannan dabara ne: hannun mutum ne ya yi shi. Ba kowace madatsa ce ta yi sa'a ba; ta Kafin Zaki, wadda aka so ginawa a kan Kogin Bunga a ƙasar Ningi, ta tsaya, mutanen Yobe da Borno kuma sun yi ta nuna tsoron za ta busar musu da fadama.

Tafki yana juya shekarar ƙauye. A da, in an kai amfanin gona rumbu, samari sai su ɗauki sanda su tafi cin rani. Inda ruwa ya kwanta kuwa, rani shi ne lokacin tumatir da albasa da tattasai, kuma masunta suna zuwa daga nesa neman karfasa da tarwaɗa. Makiyayi ma yana zuwa, ya tarar an shuka albasa a kan burtalin da kakansa ya bi zuwa mashaya. Yawancin ƙarar da ake kai wa dagaci a irin wannan wuri daga nan take tashi. Ruwan kwance yana da nasa haraji. Sauro yana hayayyafa, tsargiya kuma tana kama yaran da ke wanka, domin ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwa take girma. Laka tana cika cikin tafkin kowace damina, kacalla tana cin bakinsa.

To, mutum nawa ne a Kafin Gana? A nan ne ma'aikaci ya kamata ya kasa kunne. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu mutum sama da 300,000, ta ba Gwaram kimanin 270,000. Amma ba a fitar da alƙaluman ƙauye-ƙauye ba kamar yadda aka yi wa ƙidayar 1991, kuma wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Bugu da ƙari, cikin watan Maris aka yi ta 2006, tsakiyar rani, sa'ad da ƙauyen tudu ya zube, na bakin ruwa ya cika da baƙi.

A zamanin En'e akwai wani lissafi. Kowace shekara malamin haraji yana rubuta sunan kowane baligi, a ƙirga shanu don jangali. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talaka ya yi murna, kuma yana da gaskiya, domin an sha zalunci a kansu. Sai dai littafin dagaci ya mutu tare da harajin, ba a kuwa kawo wani a madadinsa ba. Sakamakon haka, mai tsara yawan azuzuwa, da mai raba maganin tsargiya, da mai yanka filin noman rani, duk da kintace suke aiki.

Kayan gyara suna nan a warwatse: rajistar masu zaɓe, da lambobin da ma'aikatan rigakafi suke rubutawa da alli a ƙofar gidaje, da rajistar makarantar firamare, da abin da Sarkin Ruwa ya sani game da masuntansa. Ɗalibi ɗaya mai littafi da fensir zai iya haɗa su, muddin ya ƙirga garin sau biyu, sau ɗaya cikin Agusta, sau ɗaya cikin Maris, ya kuma zauna da dattawa su nuna masa inda kafin ya bi kafin gonaki su shafe sawunsa.