Ayyukan da Kebul Ya Bari: Daidaita Bayanan Palm da Kwamfuta ta Wi-Fi



A 1996 kamfanin Palm na Amurka ya fitar da Pilot 1000, 'yar na'urar aljihu mai riƙe lambobin waya, kalandar alƙawura da gajerun rubuce-rubuce. Abin da ya sa ta shiga ran jama'a shi ne HotSync. Ka ɗora ta a mazauninta da kebul ya haɗa da kwamfuta, ka danna maɓalli guda, sai abin da ke aljihu da na kwamfuta su zama ɗaya.

Yadda take yin haka abin koyi ne. Duk bayanin da aka taɓa, na'urar kan yi masa alama, don haka idan kwamfutar da suka haɗu da ita a karo na baya ce, masu alamar kawai ake musanya. Idan baƙuwar kwamfuta ce, sai a bi bayanan ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa. In kuwa an gyara lamba ɗaya a wuri biyu, ba ta zaɓa maka: sai ta ajiye duka biyun, kai ka raba gardama. Wasu na ƙorafin ninkin suna, amma a ganina gara suna biyu a littafi da a share lambar likitanka ba da saninka ba.

Da Tungsten C ta zo da Wi-Fi a jikinta a 2003, sannan TX a 2005, sai aka samu damar ajiye kebul. A nan ne aka gane cewa ba ɗaukar bayanai kaɗai yake yi ba. Aikinsa na farko, shi ke nuna wa na'ura kwamfutarta. Ba tare da shi ba, sai na'urar ta dogara da sunan kwamfutar da adireshinta na IP da aka ajiye a cikinta, kuma na'urar rarraba intanet tana iya sauya adireshin nan bayan an kashe ta an kunna. Jiya aiki ya tafi sumul, yau na'ura na ta laluben kwamfutar da ke gabanta. Ga kuma katangar tsaro, wadda Windows XP ta fara kunnawa da kanta daga 2004. Sai an buɗe wa HotSync ƙofa mai lamba 14238 kafin ta wuce.

Aiki na biyu ya fi damuna, wato sirri. Abin da ya bi kebul bai wuce tebur ba. Abin da ya bi iska kuwa, maƙwabci na iya tsinta, musamman a zamanin da WEP ne makullin Wi-Fi, alhali tun 2001 masana suka nuna ana iya ɓalle shi. Microsoft ma, da ta fitar da manhajarta ta daidaitawa, ActiveSync 4.0, a 2005, cire daidaitawa ta Wi-Fi da kwamfuta ta yi gaba ɗaya saboda tsaro, masu na'urorin Windows Mobile suka koma kan kebul ko Bluetooth.