Daga Dusar Ƙanƙarar Norway zuwa Iyakar Ƙonni

A 1957 Arne Skouen ya fitar da Ni Liv, fim baƙi da fari kan Jan Baalsrud, ɗan Norway da sojojin Hitila suka farauta a 1943. Da wuƙa ya datse yatsun ƙafarsa da sanyi ya kashe. Ƙauyawa suka yi ta ɓoyonsa, makiyayan Sami suka tsallakar da shi Suwidin.

A ganina ƙauyawan nan ne jaruman. Mu ma a Illela Yaƙin Duniya na Biyu ya taɓa mu: daga 1940 zuwa 1942 maƙwabciyarmu Ƙonni tana hannun Faransawan Vichy masu haɗa kai da Hitila, mu muna hannun Ingila, alhali kasuwarmu ɗaya, auratayya ɗaya. 'Yan Kannywood, mu ma muna da labarin da ya isa fim, ku zo ku tambayi dattawanmu.