Abincin Kajinmu

Jama'a, yau zancenmu a kan abincin kaji ne.

Mu nan Yargalma mun saba sakin kaza ta yi ta tono. Amma da rani ba ƙwaro, ba ɗanyen haki. Sai ta rame, ta daina ƙwai, ciwo kaɗan ya kashe ta.

To, abincinta yana nan gidanmu. Dusar gero tana ba ta ƙarfi. Tunkuza da gara suna gina jikinta. Ganyen zogale yana ƙara mata lafiya. Ƙonannen ƙashi, in an daka, yana sa ɓawon ƙwai ya yi kauri. Hatsin da ya yi fumfuna kuwa guba ne.

Mu kuma lura da inda take tono. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma, daga dutsen zinariya da aka niƙa cikin gidaje, ta kashe yara da yawa nan da Dareta. Agwagi suka fara mutuwa, ba mu gane ba. Saboda haka kada kaza ta kusanci wurin niƙan dutse. Mu zuba mata abinci cikin kasko, da ruwa mai tsabta kullum. Abin da ta ci yau, shi 'ya'yanmu za su ci gobe.