Hular ƙoda da faɗuwar gaban ɗan kasuwa: jawabin magatakarda a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Bana kwamiti ya ce mu ɗan ajiye zancen takardun kaya da kuɗin fito, mu taɓa lafiyar jiki, domin hawan jini da ciwon suga sun yawaita a cikinmu, kuma mu da ke riƙe da littafin taimako muna gani.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ta zauna kamar hula. Likitoci na ce mata adirinal, mu sai mu ce hular ƙoda. Guda biyu ne, kowace nauyinta kamar giram 5, ko goro ɗaya ya fi ta. Tana da ciki, tana da ɓawo, kuma kowanne da aikinsa.

Cikin shi ke fitar da sinadarin adirenalin. Duk wanda ya taɓa hango tocila a tsakiyar titi da dare tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, bai san ko jami'ai ne ko ɓarayi ba, ya san aikinsa. Ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiya, nan take zuciya ta hau bugawa, numfashi ya ƙaru, hanta ta sako suga cikin jini, baki ya bushe, jini ya bar ciki ya koma ƙafafu da hannuwa don gudu ko kokawa. Wannan ita ce faɗuwar gaba. Da an wuce shingen, cikin 'yan mintoci ta lafa.

Ɓawon kuwa yana fitar da kotisol, kuma shi ba ya gaggawa. Umarninsa na biyowa ta wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Kotisol ke riƙe suga da ƙarfin jini kada su faɗi, yana kuma kwantar da kumburi. Da sassafe ya fi yawa, tsakar dare ya yi ƙasa. In ya wadata a jini, ƙwaƙwalwa sai ta dakatar da umarnin, kamar mai shagon da ya ga sito cike ya daina odar kaya. A ɓawon nan ne kuma ake yin sinadarin da ke daidaita gishiri da ruwa a jiki.

An yi wannan tsari ne don tsoro na ɗan lokaci, mu kuwa namu ba ya ƙarewa. Iyaka ta rufe daga Agusta 2019 har Disamba 2020, ta sake rufewa bayan Yuli 2023. Albasa na ruɓewa a mota, mai bashi na kira, canjin naira da sefa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Jikin da ya yi watanni a haka barcinsa na lalacewa, jininsa na iya hawa, suga ma haka. Hawan jini kuma sau da yawa ba ya ciwo, sai an auna ake gani.

Amma abin da ya fi damunmu yana cikin kasuwanninmu, har a kayan da wasunmu ke ɗaukowa. Ƙwayar deksa da firedinisolon kotisol ne na kamfani, kuma deksa ta ninka na jiki ƙarfi kusan sau 25. Magunguna ne masu amfani a hannun likita. Sai ga direba na sha don ciwon jiki bayan doguwar tafiya, mata na sha don ƙiba, wasu mayukan bilicin ma da danginsu a ciki. Ƙwaƙwalwa ta ga kotisol ya cika jini, sai ta daina oda, hular ƙoda ta zauna babu aiki har ta motse. Fuska ta yi fam, tumbi ya fito, ƙafafu su sirance, nankarwa ta keto, ƙashi ya yi rauni. Hajiyoyi, ku gafarce mu, wannan ba ƙibar lafiya ba ce.

Ga inda haɗarin yake. Wanda ya haura mako uku yana shan ƙwayar nan kullum, in ya yanke ta rana ɗaya, jikinsa ba shi da nasa kotisol ɗin. Sai kasala, amai, jiri, jini ya faɗi, a kan rasa rai. Irin wannan durƙushewar ce likita Tomas Adison ya bayyana a Landan a 1855, lokacin da tarin fuka ne ya fi cinye hular ƙodar mutane. Don haka kada wani ya tashi daga nan ya je ya watsar da ƙwayarsa yau. Ya ɗauki kwalin ya kai wa likita, a rage masa sannu a hankali har tsokar ta farfaɗo. Wanda kuma za a yi wa tiyata, ko zazzaɓi mai zafi ya kama shi, ya faɗa wa likita yana sha, kada kunya ta hana shi.

Masu ɗauko magunguna a cikinmu, shugaba na son ganinku bayan la'asar a ofis. Ga sauran jama'a, ma'aikacin lafiya na zaune a bakin rumfa da na'urar awon jini har a tashi taro, kuma ƙungiya ta biya.