Daga Ɗan Guntun Dutse Zuwa Lissafin Man Agadem

Kuna jin labarin man Agadem na jihar Diffa, wanda ake tacewa a matatar Zinder tun 2011. To, yaya ake sanin yawan man da zai fito tun yana ƙarƙashin ƙasa?

Da farko, mai ba tafki ba ne a can ƙasa. Yana maƙale ne cikin ƙananan ƙofofin dutse, kamar ruwa cikin yashin rijiya. Kai makiyayi ka sani, rijiyar yashi tana kawo ruwa da sauri, ta yumɓu kuwa sai an jira. Wannan sauƙin ratsawar shi injiniyoyi ke aunawa da ma'aunin darsi, sunan Bafaranshen nan Henry Darcy da ya gwada ruwa cikin yashi, ya wallafa sakamakon a 1856.

Ga inda gizo ke saƙar. Dutsen da ake gwadawa bai wuce 'yan santimitoci ba, amma a kwamfuta ana yanka filin mai gida-gida, kowane gida na iya kai mita 100, kuma lamba ɗaya za a ba shi.

A ce shimfiɗa biyu ce, kaurinsu ɗaya: yashi mai ma'auni 100, yumɓu mai 1. In mai na tafiya a kwance, yashin zai bi, lissafi ya ba da kusan 50. In kuwa sai ya keta su biyun daga ƙasa zuwa sama, da ƙyar ya kai 2. Ɗan kasuwa, ka gane ai: komai faɗin kwalta, in ƙofa ɗaya aka buɗe a kan iyaka, ita ke yanke yawan motocin da za su ƙetare.

Wanda ya manta da yumɓun nan, zai yi alkawarin man da ba zai zo ba, ko a ƙara haƙa rijiyoyi su ci makiyaya da burtali. Shi ya sa ake buɗe rijiyar, a auna abin da take bayarwa, a gyara lissafi.

Don haka in ka ji an samu mai a wani wuri, kada ka yi saurin sayar da shanu don sayen fili ko kafa shago. Tambaya tukuna: ƙiyasi ne, ko rijiya ta gwada? Allah ya ba mu sa'a.