Abin Da 'Yan Aji Uku Suka Koya Mana



An nemi mu, waɗanda muka dawo daga gwajin koyarwa, mu bayyana wa na bayanmu abin da muka tarar. To, gani ya kori ji.

Makarantar da aka tura mu wata firamare ce a bayan gari. Mun isa da littafin shirin darasi a hammata, kowane mataki mun ƙayyade masa mintinsa. Da hedimasta ya raka mu aji uku, sai muka tarar da yara sun haura saba'in, rabinsu a ƙasa, allo kuwa ya koɗe har alli ba ya kama shi sosai. Kiran rajista kaɗai ya cinye lokacin da muka ware wa gabatarwa.

Darasinmu na farko ɗebewa ne, kuma da Turanci muka yi shi. Duk sa'ad da muka tambaya ko an gane, sai aji ya amsa baki ɗaya. Muka fito muna murna. Da muka karɓi littattafai, sai muka ga ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su ci aikin ba. Ashe amsar ce suka haddace, ba darasin ba.

Da aka fita tara, sai muka ga wata yarinya da muka ba sifiri tana sayar da gyaɗa a gindin darbejiya. Muka miƙa mata naira ɗari biyar, muka sayi ta ɗari da hamsin. Kafin mu gama lissafi a zuci ta ce, "Malam, ga canjinka, ɗari uku da hamsin." Nan jikinmu ya yi sanyi. Yarinyar ta iya ɗebewa. Mu ne muka kasa haɗa abin da ta sani da abin da ke kan allo.

Malamin ajin, wani dattijo da ya kusa ajiye aiki, shi ya fitar da mu kunya. Muka ce, "Baba, ina muka kuskure?" Ya yi murmushi, ya ce, "'Ya'yana, kun koya wa mai zuwa duba ku ne, ba yaran ba." Ya sa aka tsinto tsakuwa da marafan kwalba, ya ce mu fara da Hausa, mu bar kowane yaro ya ƙirga da hannunsa, sa'an nan mu kawo sunan abin da Turanci. Kafin mako biyu, hannuwa suka fara ɗagawa har daga layin baya.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce. A 1976, da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, yaran da suka fito sun zarce waɗanda aka yi wa tanadi, har aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Manufar ilimi ta 1977 kuma ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na al'ummarsa. Amma takarda ba ta shiga aji. Malami ne ke shiga.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an tura ku, ku koyi sunayen yaran tun makon farko. Kada amsar taro ta ruɗe ku. Ku zagaya ku duba littafin kowa. Ku girmama tsofaffin malamai, ko da takardarku ta fi tasu.

Ranar da za mu tafi, yarinyar nan ta biyo mu bakin ƙofa ta ce, "Malam, yaushe za ku dawo?" Muka yi shiru, domin da yawanmu ofis muke hange, ba aji ba. Tambayarta muka kawo muku, kowa ya amsa wa kansa.

Allah Ya yi mana jagora.