Jawabin Ƙaddamar da Shirin Duba Idon Dattawanmu a Makka

 

Allah ya gafarta malamai, iyayenmu maza da mata, likitoci da ma'aikatan jinya, 'yan'uwa daga Shara Mansur, Misfala, Hindawiyya da Jarwal.

Kowa ya san yanar ido: a yi aiki, mutum ya koma gani. Abin da ya tara mu yau wata lalura ce daban, wato lalacewar tsakiyar gani da tsufa ke kawowa, wadda likitoci ke kira AMD. A can bayan ido akwai tantanin da ke karɓar haske, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan wuri mai faɗin kimanin milimita 5. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuska. Idan ya lalace, ganin gefe yana nan, amma duk abin da mutum ya ƙura wa ido sai ya dushe.

Shi ya sa ake yi wa masu ita mummunar fahimta. Baba zai tako da ƙafarsa har Harami, ba sanda ba ɗan jagora, amma ya wuce amininsa bai gaishe shi ba, sai a ce girman kai ne. Ya buɗe Alƙur'anin da ya saba saukewa, layuka su karkace, wasula su ɓace. Inna ta kasa zura zare a allura, ta kasa karanta sunan maganinta, ta daina zuwa biki da gaisuwa don gudun kunya. Daga nan sai zaman ɗaka da damuwa. Wasu ma har sukan ga siffofin da babu su; likitoci sun san wannan a wurin masu raunin gani, kada a yi gaggawar cewa aljanu ne.

Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet Global Health a 2014 ya yi hasashen masu wannan lalura a duniya za su kai miliyan 196 a 2020, su kai miliyan 288 a 2040. Ta fi kama Turawa, amma ba ta ƙyale mu ba, musamman wanda ya haura shekara 50, mai shan taba, ko wanda akwai ta a danginsa.

Iri biyu ce. Busasshiya ta fi yawa, tana tafiya a hankali. Mai yoyon jijiya kuwa tana iya cin gani cikin makonni, amma akwai allurar da ake yi a ido, irin Lucentis da Amurka ta amince da ita a 2006, wadda ke tsayar da ɓarnar idan an zo da wuri. Abin da ya riga ya mutu ba ya dawowa, don haka jinkiri ne babban abokin gaba.

Ga gwajin gida: a rufe ido ɗaya, a kalli gefen ƙofa ko layin tayil, sannan a sauya. In miƙaƙƙen layi ya lanƙwashe, ko duhu ya tare tsakiya, a garzaya asibiti a makon. 'Yan'uwa na gida kuma a gaya musu akwai Asibitin Ido na Makka a Kano, na Gidauniyar Al-Basar.

'Ya'ya da jikoki, nauyin a wuyanku yake. Ku ƙara haske a ɗakin tsoho, ku samo masa Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe da gilashin ƙara girman rubutu, ku faɗi sunanku in kun yi masa sallama, ku raka shi ranar allura.

Da wannan nake ƙaddamar da shirin, da izinin Allah.  Iyayenmu mata za su fara shiga, sannan maza. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.